Na biya kusan dala 200 dan in haƙi laka a Nebada

Ni dai tun ina yaro a Jos nake jin labarin haƙa, dan kakanmu na wajen uba aikin kuza ne ya kai shi Bukuru tun zamanin Turawa, kuma har Allah ya karɓi abinsa in dai ana hira sai ya kawo zancen rami da diga da yanda ake wanke ƙasa a ruwa har baƙin yashin nan mai nauyi ya kwanta a gindin kwano. Amma ni ban taɓa riƙe diga da sunan neman wani abu ba sai da na zo Amurka, ƙasar da muka zo wai dan mu huta da wahala.

A Reno nake zaune, jihar Nebada, ina aiki a wani ƙaton sito inda muke loda kaya dare da rana. Wata rana lokacin hutun cin abinci wani Bature abokin aikina ya fito da wata 'yar kwalba cike da ruwa daga jakarsa ya ajiye a tebur, a ciki akwai wani abu kaman guntun gawayi, nace masa meye wannan kuma kake yawo da gawayi a ruwa, sai kawai ya kunna tocilar waya ya haska. Wallahi sai da na ajiye cokali. Kore ya taso daga cikin baƙin nan, ya juya kwalbar kaɗan sai koren ya ɓace shuɗi ya fito, ya ƙara juyawa sai wani ja kaman garwashi ya yi walƙiya ya tafi. Yace dutsen da suke ce wa opal kenan, mu dai ofal bakinmu ya iya, kuma da hannunsa ya haƙo shi a wani kwari da ake kira Virgin Valley can arewacin jihar dab da iyakar Oregon, kowa ma zai iya zuwa, ka biya kuɗin yini ka shiga ka haƙa, duk abinda ka samu naka ne ba mai ce maka kawo kaso. Wannan kalmar ta "naka ne" ita ta hana ni barci.

Na kira Yaya, ɗan wan babanmu ne, yana tuƙa babbar mota daga Sacramento, shi ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru kuma shi ne ubana a nan. Ina gama masa bayani yace "Auta, wannan ai caca ce aka sa mata hular kwano." Nace haba Yaya, ai kuɗin shiga kake biya kaman kuɗin ƙofa, gumin kuma naka ne. Yace to in ka yini baka samu komai ba suna maido maka kuɗinka? Nace a'a. Yace to cinikin biri a sama kenan. Mun fi rabin awa muna wannan musu, ni ina cewa manomin da ya karɓi hayar gona ma ai ba a yi masa alkawarin damina ba, shi yana cewa manomi ya san abinda ya shuka, kai kuma me ka shuka a cikin dutsen. A ƙarshe dai yace zai raka ni dan kar in je in mutu a daji shi kuma Umma ta tuhume shi, amma shi ba zai biya babban kuɗin ba. Hukuncin dai na bar wa malamai, ni labari nake bayarwa.

Ba a buɗe wuraren duk shekara, daga wajen watan Mayu ne zuwa ƙarshen zafi, dan da hunturu sanyi da dusar ƙanƙara basa bari. Mu a watan Yuni muka je. Kayan da muka haɗa: diga babba ɗaya da ƙarama, shebur, manjagara ta hannu irin ta masu lambu, sukudireba doguwa guda biyu, bokiti uku, safar hannu, tabarau na kare ido, gorar feshi irin ta masu aski, ledoji masu zif, kwalaben zuma da na wanke, sai ruwan sha jarka-jarka, tanti, risho, kula cike da ƙanƙara da dambun naman da aka aiko min daga gida. Na so in bar abin ɗaurawa a gwiwa dan ina ganin kaman ƙyale-ƙyalen Turawa ne, Allah ya taimake ni Yaya ya jefa shi a but.

Daga Reno zaka bi babban titi mai lamba 80 zuwa Winnemucca, wajen kilomita 265, kuma dan Allah duk abinda zaka saya ka saye shi a nan, mai, burodi, ƙanƙara, komai, ka duba safayar tayarka, dan daga nan gari ya ƙare. Sai ka yi arewa a titi mai lamba 95, ka karya yamma ka hau 140 har mahaɗar Denio, wajen kilomita 160 kuma, inda zaka ga 'yan gine-gine da basu kai a kira su ƙauye ba. Daga nan saura kaman kilomita 40 ka sauka daga kwalta ka hau burji. Duka-duka tafiyar ta ɗan fi Kano zuwa Abuja, amma bambancin shi ne a hanyar Abuja ko ina akwai mai rake da mai faci da mai tsire, nan kuwa zaka yi rabin awa baka haɗu da mota ko ɗaya ba, daga kai sai wasu gajerun ciyayi masu ruwan toka da duwatsu har iya ganinka. Sabis ɗin waya ma tun kafin mu sauka kwalta ya yi mana sallama.

Kwarin yana cikin gandun namun daji na Sheldon ne, wanda gwamnati ta keɓe tun 1931 saboda wata irin barewa tasu mai gudun tsiya, mun gansu kuwa garke guda a gefen hanya suna kallonmu kaman mu ne abin kallon. Akwai sansanin kwana kyauta a bakin kwarin, kuma abinda ya fi burge ni a wurin shi ne wani tafki na ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, an gyara shi an yi masa ɗakin wanka na dutse a gefe, famfon yana zuba dare da rana ba a kashe shi. Matasan da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930 su suka yi zango a wurin suka yi gine-ginen. Har 'yan ƙananan kifaye ne a ciki masu zuwa suna tsattsakurar ƙafar mutum. Yaya da ya zo yana ta mita tun daga Winnemucca, yana tsoma ƙafa a ruwan nan yace to ko dan wannan ma ba a yi asarar mai ba.

Da daddare wani dattijo a tantin kusa da mu ya kira mu yace mu zo mu ga abu, ya kashe fitila ya kunna wata tocila mai shuɗin haske ya haska wasu fararen duwatsu da ya zube a kan tebur, sai gasu sun koma kore shar kaman an kunna musu wuta a ciki. Yace wannan gama-garin ofal ne mara launi, ɗan burbushin yuraniyom da ke jikinsa ne ke sa shi haka. Yace kuma da ita yake duba takalmi da gefen tanti, dan kunama ma haka take haskawa a ƙarƙashin wannan tocilar. Ni dai daga jin haka na shigar da takalmana cikin tanti na zuge zif. Sanyin asuba kuwa ba a magana, wurin ya fi Jos tudu, wajen mita 1,500, ruwan alwala sai da na ɗora shi a risho.

Lokacin da muka je, wuraren haƙar da ke karɓar baƙi a kwarin sanannu guda uku ne, Royal Peacock da Rainbow Ridge da Bonanza, kowanne da tsarinsa da farashinsa, mu dai ɗaya daga ciki muka je. Kafin takwas na safe mun isa ofis, 'yar rumfa ce da kanta cike da kwalaben duwatsu na sayarwa, wato tun kafin ka fara an riga an nuna maka abinda zai sa ka kasa haƙura. Aka bamu takarda muka sa hannu, taƙaitaccen abinda ke ciki shi ne in ƙasa ta rufto maka ko maciji ya sare ka ko rana ta kayar da kai, kai ka kawo kanka.

Hanyoyin haƙar a kwarin iri uku ne. Akwai haƙar gaɓa, inda katafila ta riga ta kwashe ƙasar sama ta bar maka bangon laka a tsaye, kai kuma ka sa diga ka sari inda ba wanda ya taɓa taɓawa, ita ce mai tsada kuma mai wahala, lokacin da muka je kusan dala 200 ne mutum ɗaya a yini. Akwai kala, wato ka bi tarin ƙasar da masu haƙar gaɓa suka zubar kana tonawa da manjagara kana neman abinda idonsu ya tsallake, kaman dai yanda yara ke bin gonar gyaɗa bayan an cire, wannan bai kai rabin kuɗin gaɓa ba. Sai kuma lodi, a wasu wuraren, katafila ta kamfato sabuwar ƙasa cokali guda ta juye maka a gabanka ka yini kana farfasawa, wannan ɗaruruwan daloli ne kuma sai ka yi kamun wuri tun da wuri. Yaya na jin bayanin lodi ya dube ni yace "to wannan kam ko kai baka da bakin kare shi, kifi ne a ruwa." Shi ya biya na kala, ni na biya na gaɓa, aka bani hular kwano.

Aka jera mu a jikin bangon kowa da ɗan faɗinsa kaman masu sallar idi, ma'aikacin wurin ya nuna mana layin lakar da ake samun abin a ciki, yace kar wanda ya yi rami ya shiga ƙarƙashin bango dan zai iya ruftowa, daga sama ake sara ana sauka, kuma ƙasar da ka gama dubawa ka tura ta bayanka. Shikenan fa bayanin, ya tafi. Na yi bismilla na ɗaga diga na narka wa bangon nan da ƙarfin jikan mai kuza, digar ta shige ta maƙale, lakar ɗanya ce mai danƙo mai nauyi kaman yumɓun masu ginin tukwane, sai da na sa ƙafa kafin na zare ta. Na ci gaba da sara ba ji ba gani, cikin awa ɗaya na tara tulin da ya fi na kowa a layin, ina ta jin kaina.

Ashe wata tsohuwa da ke gefena tana kallona. Baturiya ce 'yar firit, fatarta duk rana ta ƙona, zata haura saba'in, ni dai Kaka na sa mata a raina. Tana zaune dirshan a kan wani tsohon matashi da 'yar ƙaramar diga da sukudireba, tana aiki kaman mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tace "ɗana, rijiya aka saka haƙa?" Tace yanda kake sarar nan ko ka haɗu da shi ma raba shi biyu zaka yi, dutsen nan kusan ƙarfin gilashi gare shi. Ta jawo wani curi daga tulin da na riga na zubar, ta soka sukudireba ta ɓare shi kaman ana ɓare goro, sai ga wani baƙin zare a ciki. Tace ka gani, itace ne, ka wuce shi baka ko duba ba. Kunya ta kama ni. Tace shekara sama da ashirin tana zuwa kwarin nan duk bazara, kuma ta ga irina da yawa, masu ƙarfi su ke ciyar da masu kala.

Ita ta koya min aikin. Ka ɓamɓaro curi daidai wanda hannu zai ɗauka, ka zauna, ka farfasa shi har ya koma ƙanana kaman ƙwai, ko wanda ya fi haka ƙanƙanta, kana duba kowace fuska. Ka sa kunne, dan ƙarfe in ya shiga laka shiru yake, in ya taɓa ofal kuwa zaka ji ƙyas kaman ka taɓa kwalba, kana jin haka ka ajiye diga ka koma sukudireba da yatsa. Ka nemi abinda ke ƙyalli kaman fasasshen gilashi, ko baƙi ko fari ko ruwan zuma, kar ka tsaya jiran ganin launi dan laka ta rufe shi. In ka ga alamar itace ka bi shi a hankali ta gefe har ka ga inda ya nufa, dan reshe ɗaya zai iya zama ruɓaɓɓen itace a wannan kan, a wancan kan kuma wuta.

Nace wai ni me ya haɗa itace da dutse ne. Tana aiki tana min bayani, tace nan da kake gani ƙungurmin fako da daji ne mai bishiyoyi da tafkuna, wajen shekara miliyan 15 da suka wuce a lissafin masana ƙasa, sai duwatsu masu aman wuta suka yi ta zubo toka suna binne dajin. Ruwa ya riƙa ratsa tokar yana narkar da sinadarin silika, wanda shi ne dai asalin yashi da gilashi, yana gangarawa da shi yana cika ramukan da rassa da saiwoyi suka bari bayan sun ruɓe, a hankali abin ya daskare ya ɗauki siffar reshen, wani har da zanen ɓawo. Launin kuma ba wani rini bane a ciki, silikar ce ke taruwa a ƙwallaye ƙanana ƙwarai, in suka zo girma ɗaya suka jeru reras sai su riƙa tarwatsa haske ya fito kala-kala, ƙananan su bada shuɗi, manyan su bada ja, shi ya sa ja ya fi wuyar samu. In basu jeru ba sai ka samu ofal ɗin amma ba wuta, kuma shi ne mafi yawan abinda ke cikin ƙasar. Wannan sirrin ma sai a shekarun 1960 masana a Ostireliya suka gano shi da madubin ƙara girma na lantarki. Na tuna kakanmu mai kuza da baƙin yashinsa, nace shi dai nasa ana aunawa a sikeli a biya shi, ba ruwansa da jeruwar ƙwallaye.

Daga tara zuwa azahar abinda na samu: guntayen itacen da ya zama dutse cike da rabin bokiti, wasu farare kaman fasasshen tangaran, da bororo uku a tafin hannu duk da safa. Rana ta take, ba inuwa ko ta sanda, iskar wurin busasshiya ce kaman ta hunturu amma da zafi, gumi na fitowa yana bushewa baka ma san kana ƙonewa ba, na sha ruwa ya fi lita huɗu. Duk bayan ɗan lokaci sai ka ji wani can ƙarshen layi ya yi ihu mutane su taru a kansa, kai kuma zuciyarka ta ƙara ƙuna, kana lissafin dala 200 awa nawa ce ta ɗaukar kwali a sito. Na je mota muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru ni da Yaya a gefen taya, ya dubi bokitina yace "Auta, itacen girki ka zo saya?" Ban tanka masa ba.

Wajen biyu da rabi, saura awa ɗaya da rabi a tashe mu, ina bin wani baƙin zare da Kaka tace kar in rabu da shi, na soka sukudireba sai naji ƙyas. Gabana ya faɗi. Na ajiye komai na koma tono da yatsa, na zagaye shi ta sama da ƙasa kaman yanda ta nuna min, na fi minti ashirin a kan abinda bai fi tsawon babban yatsana ba, hannuna na rawa, sannan ya ɓamɓaro da lakarsa, ya rabu biyu a wani tsohon tsagi da dama yake jikinsa, babba da ƙarami. Na fesa masa ruwa na goge da yatsa na juya shi ga rana. Jama'a, baƙi ne wuluk, kuma a cikin baƙin nan kore da shuɗi suna ta kai da kawo, a gefe ɗaya ga ja yana leƙowa, bayansa kuma zanen ɓawon itace raɗau. Ban san sanda nace Allahu akbar da ƙarfi ba, Turawan layin duk suka waigo, wasu da ɗan tsoro, sai da suka ga abinda ke hannuna sannan aka taho ana taya ni murna. Haƙa ta cimma ruwa.

Kaka ta karɓa ta jujjuya tace kyakkyawa ne, irin wannan baƙin shi jihar Nebada ta ayyana a matsayin dutsenta mai daraja tun 1987, kuma a kwarin nan aka haƙo wani a 1917 mai nauyin karat 2,585, sama da rabin kilo kenan, yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington yanzu. Sannan ta riƙe min hannu tace "ɗana saurara, sa shi a ruwa yanzu-yanzu, kuma kar ka fito da shi." Tace ofal dama akwai ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari, na wannan kwarin kuma yana cikin masu yawan ruwa, ya shekara miliyoyi a cikin ɗanyar laka, in ya bushe da sauri bayansa zai riga cikinsa ƙanƙancewa ya tsattsage. Shi ya sa mafi yawan na nan ba a yin zobe da su, a kwalba ake ajiye su ana kallo. In kuma dole sai ka gwada, ka sa shi a leda mai zif da ɗanyar lakarsa ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu ka manta da shi wata da watanni, har shekara, ya bushe a hankali, duk da haka wani ya tsira wani ya fashe. Nace to Kaka na gode, na jefa su biyun a kwalbar zuma. A lokacin na ji maganarta, amma kunne ɗaya ne ya ji, ɗayan yana wajen amaryata da ke Jos tana jiran biza, wadda tun kafin mu taso na cika mata baki cewa zoben da zan sa mata ba na kanti bane, da hannuna zan haƙo dutsen.

Yaya kuwa da manjagararsa da lemarsa a kan tulin kala, ko gumin kirki bai yi ba, ya tsinci 'yan ƙanana guda huɗu, babbansu kaman ƙwayar wake, fari-fari mai ɗan kore da ruwan lemo. Na yi masa dariya nace wannan ai tsakuwar shinkafa ce. Ashe nasa sun riga sun sha rana da sanyi a kan tulin nan sun bushe, wanda zai fashe ya riga ya fashe, wanda ya rage ya rage kenan.

Mun dawo Reno ranar Lahadi da daddare. Litinin na kira amarya ta bidiyo ina nuna mata kwalba, tace ita bata ganin komai sai ƙyallin gilashi da ruwa. Na fito da babban na riƙe a hannu, ta gani ta yi ta salati, ta kira ƙannenta, aka kira Umma, kowa a nuna masa. Da muka gama sai na ajiye shi a kan tishu a bakin taga nace bari in ɗauke shi hoto da hasken safe kafin in mayar, safiya ta yi na makara na fita aiki a guje, na dawo a gajiye na kwanta, a raina ina cewa dutsen da ya yi shekara miliyan 15 kwana biyu ba zasu yi masa komai ba. Reno kuma garin fako ne, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iska, ga ranar yamma tana dukan tagar.

Ranar Laraba da yamma na ɗauko shi. Duk jikinsa ya yi zane-zane kaman gilashin motar da aka jefa da dutse, kaman ƙasan tafki in ya ƙafe da rani. Wutar tana nan amma ta dusashe ta bayan tsagogin, na maida shi ruwa da sauri kaman hakan zai ɗinke shi, ruwan ya shiga tsagogin ya ɗan ɓoye su amma ina taɓa shi da farce wani ɓangare ya ɓalle ya nutse. Na zauna a bakin gado na daɗe ban ce komai ba. Na kira Yaya na gaya masa, ina jiran ya ce ai na faɗa maka, sai ya yi shiru yace "ƙaramin fa?" Nace yana ruwa tun ranar. Yace to bar shi a nan, in ka ƙara taɓa shi ni da kai ne.

Daga baya na kai wa wani mai gyaran duwatsu a gari su duka ya duba. Babban yace ba abinda za a yi da shi sai dai kallo. Ƙaramin yace yana da kyau sosai amma shi ba zai sa masa injin ba, dan zafin gogewa kaɗai zai iya tsaga shi, in ina son ofal na zobe in nemi na Ostireliya, na Coober Pedy ko Lightning Ridge, su sun fi jure bushewa, ko na Habasha da aka gano a yankin Wollo a 2008 wanda ya fi araha, shi kuma nasa halin daban, shan ruwa yake kaman soso launin ya ɓace sai ya bushe ya dawo. Cikin na Yaya guda huɗu kuwa ya ware biyu yace waɗannan zasu gogu. Ƙwayar waken nan da na raina ita aka goge aka ɗora a kan azurfa, kuma Yaya bai karɓi ko sisi ba, yace in kai wa ƙanwarsa amma in gaya mata gaskiyar wanda ya samo, kuma da kuɗin kala.

Na gaya mata. Ƙaramin nawa yana nan a kwalbar zuma a kan firij, duk wata nake duba ruwan in ƙara in ya ragu, fasasshen kuma yana wata kwalbar a bayansa. Bizarta ta fito, kuma ta riga ta ce watan Yuni mai zuwa da ita za a je, ita layin Yaya zata bi da manjagara da lema, ni kuma har na sayi sabuwar sukudireba mai dogon baki da matashin zama irin na Kaka.